Yadda Ake Shuka Furen Kadinal a Lambun Gida

Furen kadinal ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Daga kudu maso gabashin Kanada ya gangara ta ƙasar Amurka da Meziko har arewacin Kolombiya, kuma duk inda ka gan shi a daji za ka tarar gindinsa na cikin danshi: bakin rafi, gefen tafki, ko kwari mai riƙe ruwa. Tsawonsa ƙafa 2 zuwa 4, yana fitar da zangarniyar fure ja wur daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba. Jan nan ne ya sa aka kai shi Turai tun wajen shekarun 1620. A wurin masu sayar da shuke-shuke sunansa Lobelia cardinalis, kuma da wannan sunan za ka nema, don akwai 'yan'uwansa da yawa da ake jerawa kusa da shi.

Bayanin nan na 'yan'uwa ne mazauna gabashi da tsakiyar ƙasar Amurka da kudancin Kanada, masu ɗan fili a gida ko ma baranda kawai. Watannin da zan ambata na can ne.

Mutane da yawa sun sayi furen nan, ya yi musu ado shekara guda, da shekara ta zagayo suka neme shi sama ko ƙasa. Abu biyu ne ke kashe shi: ƙishirwa a tsakiyar zafi, da lulluɓi a lokacin sanyi. Ko ka kiyaye waɗannan biyun, gindi ɗaya ba ya wuce 'yan shekaru kaɗan. Don haka aikin kashi biyu ne, shukawa da tanadin magaji, kuma na biyun ne aka fi mantawa.

Kayan da za ka tanada

- Dashe guda 3 zuwa 5 daga gidan rainon shuke-shuke, ko kuma fakitin iri ɗaya
- Takin ruɓaɓɓen ganye ko ruɓaɓɓen takin dabbobi da ya huce sarai, buhu ɗaya ko biyu
- Babban shebur da ƙarami na hannu
- Tiyo ko butar ban ruwa mai rariya a baki
- Safar hannu
- In daga iri za ka fara: ƙasar raino ta buhu, jarkar madara ta galan ɗaya wadda aka wanke, almakashi, salatif mai ƙarfi, kwalbar feshi, da ɗan busasshen yashi mai laushi
- Jakar takarda da ambulan, na ranar girbin iri

Wajen sayen dashe, duba gindin tukunyar, kada zangarniyar ta ɗauke maka hankali. Wanda ya fito da ƙananan 'ya'ya a gindi ya fi dogo mai fure wanda ke tsaye shi kaɗai. Za ka kuma ga wani nau'i mai ganye ja-ja mai duhu da ake kira Queen Victoria. Kyakkyawa ne, amma bai kai na asali mai koren ganye jure sanyi ba. Ɗan koyo ya fara da na asali. Kada kuma ka je bakin rafi ka tono na daji. A gandun gwamnati doka ta hana, kuma yawancin waɗanda ake tonowa da fure a kai ba sa rayuwa.

1. Zaɓen wuri

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, don haka kada ka yi gaggawa. Bari a yi ruwan sama mai ƙarfi, washegari ka zagaya filin gidanka ka ga inda ƙasa ta fi daɗewa a jiƙe. Wurin da kowa ke ƙorafi a kansa, inda ciyawa ke caɓewa kuma injin yankanta ke nutsewa, shi ne gidan kadinal. Inda indararo ke zubar da ruwa ma yana yi, haka inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga duk tsawon lokacin zafi. Sai dai in za ka yi kwari mai tara ruwa, ka nisanta shi da tushen gini kamar ƙafa 10.

Batun rana kuwa, ta safe yake so, da inuwa daga azahar zuwa la'asar. A jihohin arewa irin su Minesota da Mishigan zai iya wuni a rana matuƙar ƙasar ba ta bushewa. A kudu, irin Jojiya ko Teksas, inuwar la'asar dole ce. Inuwa mai duhu kuma ba ta yi: zai yi tsawo ya rame, furen ya zo kaɗan. Guji gindin babbar bishiya, domin saiwoyinta za su shanye duk ruwan da ka zuba. Guji kuma bakin hanyar da ake watsa wa gishiri lokacin dusar ƙanƙara.

Gargaɗi babba: duk jikin shukar nan guba ne in an ci, ga mutum da kyanwa da kare da doki. Kada ka haɗa shi da gadon da ka shuka latas, alayyafo ko yakuwa, domin ƙaramin ganyensa na kwance a ƙasa yana iya shiga hannun mai tsinkar ganyen miya. Za ka iya jin cewa ƙabilun asalin ƙasar, irin su Cheroki da Irokwa, sun yi magani da shi. Gaskiya ne, amma wannan ba dalili ba ne na jiƙa shi a kofi. Inda yara ƙanana ke rarrafe, a sa shi nesa.

Idan filinka duk jigawa ne, ko tudu ne da ba ya riƙe ruwa, akwai dabara. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi, faɗinsa gwargwadon yawan dashenka. Shimfiɗa leda mai kauri a ciki, ka huda ta wuri kaɗan a gefe-gefe, kamar tafin hannu ɗaya sama da ƙasan ramin, yadda ruwa zai ɗan kwanta a ƙasa amma rarar ta fita. Sai ka mayar da ƙasa haɗe da taki. Ka yi wa kanka 'yar fadama ke nan. Kafin ka sa shebur a ƙasa, a Amurka ana kiran lamba 811 kyauta, su zo su yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Kada ka raina wannan.

Mai baranda ya nemi tukunya mai faɗin inci 12 ko fiye, mai huda a ƙasa, ya ɗora ta a cikin faranti mai zurfi wanda ba zai rabu da ruwa ba duk lokacin zafi.

2. Gyaran ƙasa

Cire ciyawa da saiwarta, ka kaftu ƙasar zurfin bakin shebur. Zuba taki kaurin inci 2 zuwa 3 ka cuɗa. Laka ba ta damunsa, har ma ya fi son ta a kan rairayi, don haka kada ka wahalar da kanka wajen zuba yashi. Takin zamani ba ya cikin lissafi. Idan ya yi yawa karan zai yi laushi ya kwanta da iskar farko.

3. Raino daga iri

Wanda ya sayi dashe ya tsallake zuwa mataki na 4. Amma ina ba da shawarar kowa ya koyi wannan, domin fakiti ɗaya zai ba ka abin da kuɗin dashe ba zai saya ba.

Irin kadinal ya fi na alayyafo ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In ka zazzage shi a tafin hannu, gari za ka gani mai ruwan ƙasa, atishawa ɗaya ta isa ta raba ka da shi. Ƙa'idarsa guda ce: ba a binne shi. Haske yake buƙata kafin ya tsiro. Wanda ya saba da tona rami ya rufe, to a nan ya riƙe hannunsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta jarka, a watan Janairu ko Fabrairu:

a) Huda gindin jarkar wuri 4 ko 5. Yanka ta a zagaye ta tsakiya, ka bar ɗan wuri a ƙarƙashin mariƙin bai yanke ba, yadda za ta riƙa buɗewa da rufewa.

b) Zuba ƙasar raino kaurin inci 3 zuwa 4, ka jiƙa ta sosai, ka bari ta tsane, ka daddanna samanta ya yi sumul.

c) Ɗebi iri ɗan abin da yatsa biyu za su tsunkuna, ka gauraya da ƙaramin cokali ɗaya na yashi, ka barbaɗa a kai. Yashin ne zai nuna maka inda ka zuba, ya kuma hana irin taruwa wuri guda. Danna da bayan cokali, ka fesa ruwa sama-sama.

d) Rufe jarkar, ka naɗe wurin yankan da salatif, ka cire murfin baki ka yar. Rubuta suna a jiki da kuma a gindi, don rana na goge rubutu.

e) Ajiye ta a waje inda ruwa da dusar ƙanƙara za su shiga ta baki, amma ba inda rana ke dukanta wuni guda ba.

Shi ke nan, sanyi zai yi sauran aikin. Wajen Afrilu za ka leƙa ta bakin jarkar ka ga wani kore-kore kamar gansakuka ya rufe ƙasar. Su ne. Daga nan ka lura da danshi: in jarkar ta yi sauƙi a hannu, tsoma gindinta a cikin kwanon ruwa na rabin awa. Kada ka kwarara ruwa ta sama, zai tattara tsiron ya kai su lungu guda. Ranar da aka yi ɗumi, buɗe jarkar don kada su dahu a ciki.

Idan sanyi ya wuce ka kafin ka samu iri, yi a cikin ɗaki. Shuka a ƙaramar roba kamar yadda na faɗa, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka ajiye a wuri mai haske da ɗumin da ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan 70 a na Amurka. Cikin mako 2 zuwa 3 za su fito. Wasu masu sayar da iri na cewa a fara ajiye shi cikin danshi a firji kwana 60. Yin hakan na sa tsiron ya fito tare, amma sabon iri yakan fito ko ba a yi ba. In za ka yi, sa robar da ka riga ka shuka a cikin leda ka ɗaure, ka rubuta a jiki kada wani ya ɗauka abinci ne. Da sun tsiro ka cire ledar a hankali cikin kwana biyu ko uku, domin rashin iska ke kawo funfunar da ke cin wuyan tsiro ya kwanta.

Kada ka yi ƙoƙarin raba su ɗaya-ɗaya tun suna ƙanana. In sun yi ganye huɗu zuwa shida, ɗebo su dunƙule-dunƙule da bakin cokali, kowane dunƙule a tukunyarsa. Masu ƙarfi za su danne raunana da kansu.

Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu: wanda aka shuka daga iri yawanci ba ya fure a shekarar farko. Ganye kawai zai yi, a zagaye, kwance a ƙasa, faɗin tafin hannu. Ba ciwo ba ne, ba kuma ciyawa ba ce. Na sha ganin mai gida ya cire su da hannunsa ranar noma. Kafa ɗan tsinke a gefen kowanne.

4. Dasawa

Jira sai raɓa mai daskarewa ta daina sauka. A Merilan da Ohayo wannan na faɗowa tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Mayu, a arewa kuma ya ɗan ƙara jinkiri. Dashen da aka raina a ɗaki sai an saba masa da waje: awa biyu a inuwa ranar farko, ana ƙarawa kullum har mako guda. Farkon Satumba ma lokacin dashe ne mai kyau.

Zaɓi yamma ko ranar da hadari ya rufe. Bar tazarar ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakaninsu, kuma ka tara su wuri guda maimakon ka warwatsa. Guda biyar a haɗe sun fi goma a rarrabe kyau, tsuntsaye ma sun fi ganinsu. Wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai da fuskar ƙasa. Ka nutsar da shi ya ruɓe, ka ɗaga shi ya bushe. Danna ƙasar da tafin hannu ka ba shi ruwa har ya kwanta.

5. Ban ruwa da kulawar lokacin zafi

Cusa yatsa a ƙasa zuwa gaɓa ta farko. In ka ji bushewa, ka riga ka makara da kwana ɗaya. A Yuli da Agusta, in ba a yi ruwan sama ba, ban ruwa kullum ne, na tukunya ma wani lokaci safe da yamma. Zuba a gindi, a hankali, ya shiga sosai. Saiwarsa ba ta nisa, shi ya sa ba ya iya nemo ruwa da kansa. Kwana biyu ko uku ruwa ya kwanta a gindinsa bayan ruwan sama ba komai ba ne.

Mu da muke zuwa gida hutun yara, nan ne matsalar take, don lokacin tafiyar shi ne lokacin da ya fi buƙatar ruwa. Sayi tiyo mai tsattsafo ka haɗa da agogon famfo mai buɗewa da kansa, ko ka damƙa wa maƙwabcin da ka tabbatar zai zo. "Zan riƙa leƙawa" ba ta raya kadinal.

Za ka iya zuba marmashin ganye ko na itace tsakanin shukokin don riƙe danshi, amma siriri, kuma kada ya taɓa wuyansu.

Babban abokin gabarsa dodon koɗi ne da ɗan'uwansa marar katantanwa, domin su ma danshi suke so. Cikin dare ɗaya suna iya cinye dashe ƙarami ƙurmus. Ajiye guntun katako ko ɓawon lemu a kife a gefen gadon, da safe ka ɗaga ka kwashe waɗanda suka ɓuya. In sun yi yawa, nemi maganinsu mai sinadarin ayon fosfet. Maganin feshi na ƙwari kuwa kada ya kusanci gadon nan. Zomo da barewa ba su cika cinsa ba, amma ɗan kejin waya a kan sabon dashe ba asara ba ne.

Mai son kara gajere mai rassa ya tsinke kan tsiron a farkon Yuni. Furen zai ɗan makara, zangarniyoyin su zo ƙanana amma da yawa. Ni na fi son a bar shi ya miƙe, in iska ta yi barazana a kafa masa sanda.

6. Lokacin fure

Furen na buɗewa daga ƙasan zangarniya ya hau sama, shi ya sa kara ɗaya ke ɗaukar makonni yana ado. Kowane fure dogon bututu ne mai leɓe biyu a sama, uku a ƙasa, kuma ruwan zaƙinsa na can ciki inda yawancin ƙudan zuma ba sa kaiwa. Mai kaiwa shi ne hamimbad, ɗan mitsitsin tsuntsun da a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa, wanda ke tsayawa cak a iska yana shan fure. A gabashin ƙasar mai jan maƙogwaro ne ke zuwa. Zauna kusa da hantsi ka zuba ido: akwai wani siririn ƙugiya mai fari-fari a baki da ya leƙo ta saman furen. Da tsuntsun ya zura baki, ƙugiyar sai ta dangwali goshinsa ta bar masa garin fure, ya ɗauka ya kai na gaba. Da haka iri ke samuwa. Furen kuma na zuwa daidai lokacin da tsuntsun ke tara ƙarfin ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya.

Kada ka yanke zangarniyoyin duka don sun fara muni. Bar aƙalla rabi su yi iri.

7. Girbin iri

A Satumba zuwa Oktoba ƙoƙon irin zai bushe ya koma ruwan ƙasa, ya tsage a sama, na ƙasa kafin na sama. Yanke karan ba tare da ka karkata shi ba, ka zura kansa a jakar takarda, ka rataye a wuri busasshe mako ɗaya, sannan ka girgiza. Garin da ya taru a ƙasan jakar ka juye a ambulan, ka manne kusurwoyin da salatif don yana zurarewa, ka ajiye a firji. Ban da leda, tana sa shi funfuna.

Sauran karan kuma ka bar su su zubar da kansu. Sai dai irin da ya faɗa kan marmashin itace ko tarin ganye ya tafi ke nan. Share wuri kamar faɗin faranti a gefen kowane gindi, ka karce ƙasar da yatsu ta fito fili, ka kaɗa karan a kai. Wannan ɗan aikin na minti biyar shi ke bambanta gadon da ke ɗorewa da wanda ke ƙarewa.

8. Shiga sanyi

Karan da ya yi fure ya gama aikinsa, zai mutu. Duba gindinsa da kyau, za ka ga ƙananan 'ya'ya masu koren ganye sun fito a zagaye. Su ne shukar baɗi. Haka za su zauna kore duk lokacin sanyi, kuma suna buƙatar haske da iska.

A nan ne masu kirki ke yin ɓarna. Mutum ya ga sanyi na tafe, tausayi ya kama shi, ya tara ganyen bishiya ko marmashin itace ya lulluɓe gadon. Zuwa Maris in ya ɗaga jiƙaƙƙen ganyen da ya manne, abin da zai tarar baƙin caɓi ne mai wari. Dusar ƙanƙara ba ta cutar da su, lulluɓin ne ke kashe su. Saboda haka duk lokacin da iska ta tara ganye a kansu, ka kwashe da hannu. A wuraren da sanyi ke tsanani kuma dusar ba ta zama, ɗora rassan bishiya mai ganyen allura sama-sama yadda iska ke ratsawa, ka ɗauke da zarar sanyi ya fara janyewa.

Daskarewa da narkewar ƙasa na tura ƙananan gindi sama har saiwa ta fito. Ranar da aka samu sassauci, zagaya ka mayar da su da babban yatsa. Ta tukunya kuma, binne tukunyar a ƙasa zuwa baki, ko ka jingina ta da bango inda iska ba ta bugu. A cire farantin ruwan, amma kada ƙasar ta bushe ƙayau.

9. Rabawa da ƙara yawa

Duk shekara biyu, a Afrilu ko farkon Satumba, tono gindin gaba ɗaya da ƙasarsa. Sa safar hannu, don ruwan jikinsa na sa wasu ƙaiƙayi. 'Ya'yan na rabuwa da yatsu cikin sauƙi, kowanne da fararen saiwoyinsa. Yar da tsohon tsakiyar da ya mutu, ka zuba sabon taki, ka dasa su nan take kafin saiwar ta sha iska. In an bar su a cunkushe kan tsohon gindi, sukan ruɓe tare.

Akwai kuma hanyar kwantarwa. A tsakiyar lokacin zafi, lanƙwasa kara ɗaya a hankali har ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka danne shi da lanƙwasasshiyar waya ko ƙananan duwatsu, ka ɗan barbaɗa ƙasa a kan gaɓoɓin, ka bar kan a waje. In danshi bai yanke ba, gaɓoɓin za su yi saiwa su fitar da sabbin 'ya'ya, ka yanke su ka dasa a kaka ko ka bar su sai Afrilu. Karan da iska ta kayar ma kada ka yar, yi masa haka.

Idan ka bi duk wannan amma filinka ya ƙi riƙe ruwa, nemi ɗan'uwansa mai shuɗin fure, Lobelia siphilitica. Rainonsa iri ɗaya ne, ya fi haƙuri da ɗan bushewa, kuma ya fi yaɗuwa da kansa. Sa shi a gefen gadon da ya fi tudu, ka bar wa jan tsakiyar kwarin inda ruwa ke kwanciya.